Gyaran Aska Takwas a Dugabau

Duk telan da na nuna wa rigar a birnin Kano, maganarsa ɗaya ce da ta ɗan'uwansa, sai dai kowa da hanyar da yake bi ya faɗe ta. Wani ya ce a yanke aljihun da ke ɗauke da aikin a ɗora a kan sabuwar shadda. Wani ya ce a bi ta kan tsohon zaren da keke, yini ɗaya an gama. Wani saurayi mai shagon aikin kwamfuta kuwa hotonta ya ɗauka da waya, ya ce zai fitar mini da irinta sak, ita kuma tsohuwar in mayar da ita adaka ta huta. Ba wanda ya cuce ni a cikinsu, abin da hannunsu ya iya suka faɗa. Amma ni ba irinta nake nema ba, ita ɗin nake so in sa a jikina.

Rigar ta kakana ce na wajen uba. Saƙi ce, saƙar hannu, mai launin zabo, an haɗa ta da siraran ƙyallaye waɗanda faɗin kowanne bai wuce yatsu uku ba, an yi mata shafi da jan alharini a bakin ƙasa. Aikinta aska takwas ne da zaren tsamiya. Dogayen askake biyu sun sauko daga wuya ta ɓangaren hagu, sauran shida sun jeru uku-uku a kan aljihu, ga tambari ya naɗe a ƙirjin dama, ga wani a baya tsakanin kafaɗu. Shekaru sun ci ta a inda suka saba cin kowace babbar riga. Gumi ya ruɓar da zaren wuya, bakin aljihu ya zaizaye da shiga da fitar hannu, kafaɗar da ake tattara hannun riga a ɗora a kanta ta yi sirit har ana hango haske ta ciki. Uku daga cikin askaken sun zube, sai gurbinsu.

Kawuna da ke zaune a Dugabau ne ya ce in kawo ta. Ya ce akwai wani dattijo a unguwarsu da ya yi gardancinsa a Zariya, ya dawo gida da karatu da allura, kuma har yau idonsa na gani. Sai dai in bari a kawar da amfanin gona tukuna, domin da damina ba a samun kowa a zaure.

Na hau mota a Rijiyar Zaki da sassafe, hunturu ya fara saukowa, rigar na cikin tsohon zane a kan cinyata don ban yarda a cusa ta a but tare da buhuna ba. Titin Gwarzo yakan daɗe bai rabu da birni ba. Sai an wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da barikin Janguza kafin gidaje su ja baya gonaki su matso. Daga Rimin Gado zuwa gaba kaka ta cika ido: dammunan dawa jingine a gindin ɗorawa, mata na sussuka ƙaiƙayi na tashi, shanu sun shiga gonakin da aka girbe suna cin kara. Jefi-jefi a hango gonar auduga ta yi fari fat. Wannan hanya ita ke bi ta Gwarzo ta faɗa Dayi a jihar Katsina, ta nufi ƙasar Malumfashi da Funtuwa, inda auduga ta daɗe da zama abincin mutane. Duk wanda ya riƙe saƙi a hannu ya kalli irin wannan gona ya san daga nan abin yake farawa, daga tsohuwa mai kaɗi da mazari da alli, zuwa masaƙi, zuwa marini a bakin karofi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya yaba da tufafin ƙasar, waɗanda ya ce suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ba birnin kaɗai ke yin su ba. Garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da shi ne suke kaɗi da saƙa da rini, birni ya tara ya sayar.

A ƙasar Kabo na sauka daga babban titi na hau babur. Dugabau ɗaya ce daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kabo, 'yar'uwar su Garo da Gude da Durun. Na isa kafin Azahar, ƙura ta yi mini rawani. Kawu ya sa aka dama fura, muka yi ta hirar dangi da farashin taki har dare. Ya ce ba za mu je wurin dattijon ba sai gobe da hantsi, saboda ba ya taɓa allura sai rana ta ɗaga, kuma da La'asar ta yi sanyi yake ajiyewa.

Mun same shi a bakin zaure, a kan buzu, ya juya wa rana kafaɗa yadda haske zai sauka a kan cinyarsa. Kusa da shi akwai tsohuwar gwangwanin madara cike da allurai, da rabin reza, da basilla guda.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannu ɗana. An zo lafiya? Yaya mutanen birni?"

Da aka gama gaisuwa, Kawu ya faɗi abin da ya kawo mu, na kwance zanen. Dattijon ya sa jikansa ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya goge hannuwansa, sannan ya karɓa da bismillah. Bai tsaya kallon gaban rigar ba. Juya ta ya yi ciki ya koma waje, ya kwantar da aljihun a kan gwiwarsa, ya shiga bin bayan ɗinkin da ɗan yatsa. Ya daɗe bai ce komai ba.

"Mutum biyu ne suka ɗinka ta," in ji shi daga baya. "Dubi nan. Mai askake yana ƙulla zarensa ya ɓoye bakin a ƙarƙashin ɗinki. Mai tambari kuwa barin bakin yake yi ya yanke. Wancan babba ne, wannan yaronsa ne. Wanda ya zana ta kuma daban."

Haka ake yin babbar riga tun asali, ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Wani ya saƙa, wani ya haɗa ƙyallayen, mai zane ya zauna da alƙalami da tawada ya fitar da askake da tambari ba tare da ma'auni ba, sannan a miƙa wa masu allura. Yawancin masu zanen malamai ne, hannun da ya saba rubutun allo da zayyana shi ne ya iya jan wannan layi. Masu ɗinkin kuma galibi gardawa ne da almajirai da ke neman abin kai wa baka ba tare da sun bar karatu ba. Shi ma dattijon ta nan ya shigo. Ya ce a Zariya, bayan karatun safe, sai kowa ya ɗauko aljihun rigar da aka ba shi, a jeru a gindin katanga har Azahar.

Ya ƙara duban yadda askaken suka yi tsini, da yadda aka cika tsakaninsu, ya ce ko dai daga Bida rigar ta fito, ko kuma mai zanen a hannun Nufawa ya koya. Wannan bai zo mini da mamaki ba. A zamanin daular Sakkwato, bayan jihadin 1804, riga ta zama abin da sarki ke bayarwa idan ya naɗa mutum ko ya yaba masa, kuma rigunan Nufe da na Ilori sun yi suna har a kasuwar Kurmi, inda ake ba su daraja ta musamman. Barth ma ya ambaci haka. Kakana fatauci ya yi a ƙuruciyarsa, hanyar kudu kuwa ba baƙuwarsa ba ce.

Na gaya masa shawarwarin da aka ba ni a birni. Bai zagi kowa ba. Ya ce keke yana da ƙarfi, saƙin kuma ya tsufa, allurar keke za ta yi ta sara a wuri ɗaya har ta yanke zaren saƙar, bayan wanki biyu aikin ya fito a hannu da naman rigar a jikinsa.

"Gyaran tsohon aiki ɗori ne, ɗana. Mai ɗori ba ya sake maka ƙafa. Inda ya karye yake nema ya haɗa, sauran ya bar shi yadda Allah ya yi shi."

A gabana ya fara, don in ga abin da zan biya. Da farko ya bi aikin gaba ɗaya da farce yana kankarawa a hankali. Inda zaren ya tsaya, ya wuce. Inda ya yi gari ya zubo, ya sa alama da alli. Ashe wurare da yawa da na ɗauka sun mutu dauɗa ce kawai ta kwantar da su, wasu kuma da ke sheƙi a ido da an taɓa sai su narke. Da ya gama zagayen, ya ɗauki rabin rezar ya koma bayan rigar. Ba ya yanka a jere. Yakan ɗaga ɗinki ɗaya da bakin allura, ya taɓa shi da reza, ya tsallake biyu ko uku, ya sake ɗaga wani. Sannan ya juyo gaba ya zare guntayen ɗaya bayan ɗaya, yana tara su a murfin kwano. Masu ɗan tsawo da ƙwari yakan ware su gefe, ya ce da su zai cike ƙananan wurare, domin babu sabon zaren da zai yi launinsu.

Da ya share gurbin aska guda, ya ce in matso. A inda tsohon zare ya rufe shekara da shekaru, rana da ruwa ba su taɓa saƙin ba, shuɗinsa na nan da duhunsa kamar yau aka tsamo shi daga karofi, alhali kewayensa ya koɗe. Siffar askar ta fito tsaf, baƙa a kan fari-fari. Ya ɗaga wurin sama ya saita shi da rana, sai ga hujin allurar mutumin farko a jere, ƙanana, tazararsu ɗaya.

"Ka gani? Ba sai na zana ba. Ya bar mini hanya. Inda ya sa allura nan zan sa tawa."

A nan wahalar take, kuma a nan na gane abin da ya sa masu sabon aiki suke da yawa, masu gyara kuwa sai an tona. Mai sabon aiki da hannunsa yake tafiya, yadda ya saba. Mai gyara dole ya ajiye nasa hannun ya ari na wani da bai taɓa gani ba. Dattijon ya ce shi ɗinkinsa ya fi na mai askaken sauri, amma na wancan ya fi nasa matsi, don haka sai ya riƙa tsayar da kansa, in ba haka ba sabon wurin zai kwanta daban da tsohon, ko daga nesa a gane. Ya nuna mini yadda ake fitar da ƙananan idanun nan da ke cike fili tsakanin askake. Ba a huda su da abu mai kaifi. Basilla ake turawa a hankali ta raba zaren saƙar ba tare da ta yanke ko ɗaya ba, sannan a zagaye bakin hujin da ɗinki har ya tsaya da kansa. Ya yi guda ɗaya ina kallo, na ƙirga numfashina ya fi ashirin kafin ya gama. A aljihun rigar akwai ɗaruruwansu.

Kafaɗar da ta yi sirit kuwa ya ce sai an yi mata maho ta ciki kafin allura ta hau, kuma ba da sabon yadi ba. Sabo ya fi tsoho ƙarfi, idan aka haɗa su, duk lokacin da aka ja, tsohon ne zai yage a bakin ɗinkin. Kawu ya shiga gida ya fito da wani tsohon zanen saƙi na mahaifiyarsu da aka daina ɗaurawa. Dattijon ya gwada shi a jikin rigar, ya juya shi har layukan saƙar suka hau kan juna, ya ce ya yi.

Sai maganar zare. Tsamiyar gaske daga gidan wata tsutsa ake samunta, wadda ke cin ganyen itatuwa irin su tsamiya, ta taru da yawa ta saƙa gida ɗaya. Akan dafa gidan da ruwan toka har danƙonsa ya saki, a wanke, a shanya, sannan tsofaffi mata su kaɗa shi da mazari. Ba ya ƙyalli, launinsa tsakanin fari da ƙasa-ƙasa ne, amma yana da ƙarko, ga shi yana ƙara kyau da tsufa. Dattijon ya ciro wani ɗan ƙulli daga cikin gafakarsa, ragowar wanda ya saya shekarun baya. Ya ce zai kai aska ɗaya da rabi, ba zai wuce haka ba. Sauran sai in nema a Kurmi, kuma in yi hankali, domin yawancin abin da ake kira tsamiya yanzu auduga ce aka rina ta yi launin. Ya koya mini gwaji: in tsinki ɗan kaɗan in sa masa ashana. Idan ya yi ƙaurin gashi ya dunƙule, shi ne. Idan ya ci da wuta ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, in ajiye musu kayansu.

Jan alharinin shafin kuwa ya ce kada a taɓa shi, ko da ya ɗan tsattsage. Irin wannan alharini ta hamada yake zuwa, a bayan raƙuma, daga Tarabulus ta Gadamas zuwa Kano. Cinikin ya ja baya tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kaya suka koma shigowa ta teku. Abin da ke kasuwa yanzu ja ne mai ƙyalli, ba zai zauna da wannan ba. Zai dai kama bakin inda ya tsage don kada ya ci gaba.

Akwai masu ganin cewa riga irin wannan ba a sa mata sabon zare ko ɗaya, a naɗe ta a ajiye yadda take. Haka gidajen tarihi suke yi, kuma suna da hujjarsu. Rigunanmu na da suna nan a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan da wasu a Jamus, ana kula da zafi da danshin ɗakin da suke. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ya kuma yi shekaru yana bin masu zane da masu ɗinki a Kano da Zariya da Katsina, ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976, riguna da huluna da wanduna na cikin abin da aka nuna. Ina jin daɗin cewa an adana su. Amma wanda ya ɗinka rigar kakana bai yi ta don a kalle ta ta bayan gilashi ba. A gidajenmu riga takan yi rayuwa mai tsawo: uba ya sa, ɗa ya gada, idan fara ce ta dafe a kai ta marina ta dawo baƙa, a kai ta wurin masu bugu ta yi sheƙi, idan ta mutu a fitar wa yaro taguwa a jikinta. Gyara yana cikin al'adar tun fil azal. Kuma akwai abin da ajiya ba ta iya riƙewa. Gidan tarihi zai adana rigar, amma sanin yadda ake raba zaren saƙa da basilla a hannun mutum yake zaune, kuma ba ya zama sai ana kawo masa aiki.

Ɗinkin hannu bai mutu ba, kada a ce na ce. A kan hanyar nan ta Gwarzo ma na ga samari a gindin bishiya kowa da hular da yake ɗinkawa. A birnin Zariya, da maza da yawa suka koma keke, mata ne suka ɗauki ɗinkin manyan riguna a cikin gidajensu, har a 1994 wasunsu suka kafa ƙungiyar masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina tare da Elisha Renne, malama daga Amurka, suna fitar da aikinsu waje. Masu hali har gobe suna sayen aska takwas da malum-malum da shabka na hannu a kan shadda mai tsada. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai haƙurin zama da aikin wani. Jikan dattijon, wanda ya shimfiɗa mana tabarma, hula yake ɗinkawa, kuma hannunsa na da kyau. Na tambaye shi ko yana koyon na riga. Ya ce yana so, amma hula ana gamawa a karɓi kuɗi, riga kuwa sai a shafe watanni. Ban ga laifinsa ba.

Wannan ya fito fili da muka zo maganar lada.

"Baba, nawa zan kawo?"

"Ka kawo abin da ya sawwaƙa, ɗana. Kuɗin zare dai naka ne."

A hanyar komawa gida Kawu ya ce kada in kuskura in ɗauki wannan magana a yadda aka faɗe ta. Kunya ce irin ta mutanen da, kuma da ita ake cinye musu gumi. Ya ce in ƙiyasta kwanakin da aikin zai ci, in duba abin da ake biyan ɗan ƙwadago a gona a yini, kada in ba shi ƙasa da haka. Da na yi lissafin, kuɗin ya haura na sabuwar riga ta keke nesa ba kusa ba. Na kuma tabbata da wuya a ce an taɓa biyan dattijon nan a kan wannan ma'auni. Mutum ya ba da idonsa da ƙashin bayansa, a sallame shi da abin da bai kai na mai noman yini ba, sannan mu dawo muna tambaya me ya sa yara ba sa koyo. Na ba da rabi a hannun Kawu, na ce idan jikan zai zauna kusa da kakansa a kan wannan aiki, ko idanun nan kaɗai ya riƙa fitarwa, nasa ladan daban ne.

Zaren ya ba ni wahala a Kurmi. Na sha ƙona auduga kafin wani tsoho a can cikin layin masu kayan sarauta ya shiga ƙuryar rumfarsa ya fito da ƙulli biyu da suka yi ƙaurin gashi. Na ba direban motar Gwarzo, Kawu ya tare shi a bakin titi.

Ana gab da saukar ruwan farko aka aiko cewa an gama. Askake takwas sun cika. Sababbin ukun sun ɗan fi sauran haske, dattijon ya ce in ba su shekara biyu za su saje. Ya juya mini bayan aljihun ya nuna jeri biyu na idanu a ƙasan aska ta ƙarshe, ya ce na jikansa ne, ya sa shi ya warware su sau da dama kafin ya yarda da su. Ya hana a kai ta wurin masu bugu, ya ce saƙin ba zai ɗauki gungume ba, a ninke ta kawai a danne da abu mai nauyi. Wanki kuma ban da omo, sai sabulun salo da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, kada a matse.

Na zo masa da wandon rigar, wanda kamun ƙafarsa ɗaya ya zube. Ya juya shi ya duba bayansa, ya ce gona ta kusa kira, sai rani mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma in fara neman zare tun yanzu.